Ba kowane ciwon cikin yaro ne olsa ko taifot ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka domin mu ja hankalin iyaye da masu kemis da ma'aikatan ƙananan asibitoci kan wani ciwo da ke kama yara amma ba a cika kiran sunansa a ƙasar Hausa ba, wato kumburin fankiriyas. Za a kawo yaro da matsanancin ciwon ciki da amai, a ce olsa ce, a ba shi farin maganin ruwa. Ko a yi masa gwajin Widal, wanda ya saba nuna taifot ko da babu shi, a ɗora shi kan allurai na mako guda. In kuwa mai sikila ne, ba a ma tsayawa bincike, sai a ce ciwonsa ne ya tashi. Sau da yawa hakan ne, amma a cikin waɗannan yaran akwai waɗanda fankiriyas ɗinsu ce ta kumbura, kuma abin da ya kumbura ta yana nan a jiki ko a cikin jakar magungunan da uwar ta riƙo, yana jiran ya sake tayar da ciwon.

Fankiriyas tsoka ce mai laushi, doguwa, da ke kwance a gicciye can bayan tumbi, sama da cibiya, ta jingina da ƙashin baya. Ba ita ce saifa ba. Saifa tana gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, wutsiyar fankiriyas ce kawai ke kaiwa kusa da ita. Aikinta biyu ne: tana sarrafa insulin da ke daidaita sugan jini, kuma tana zubo da wani ruwa mai ɗauke da sinadaran narkar da nama da mai da tsaba, wanda a jikin babba yakan wuce lita 1 a rana. Masu narkar da nama a cikin waɗannan sinadarai a ɗaure suke fitowa, ba sa fara aiki sai sun isa farkon ƙaramin hanji. Bututun da ke kai su can yana haɗuwa da bututun ruwan madaciya, su biyun su shiga hanji ta wata 'yar ƙofa guda da faɗinta bai wuce 'yan milimita ba. Idan wani abu ya toshe ƙofar nan, ko ya murƙushe tsokar, ko ya sa mata guba, ko ya rage jinin da ke isa gare ta, sai sinadaran su kwance tun suna ciki, su shiga narkar da tsokar da ta yi su. Ciwon ke nan.

Dalilin da ya sa ake wuce shi a yara ba wani ɓoyayye ba ne. A jikin manya, giya da tsakuwar madaciya ne ke jawo mafi yawansa, kuma haka aka koya wa kowane ma'aikacin lafiya. To wanda aka kawo masa 'yar shekara bakwai daga Gwarzo ko Madarunfa, me zai kai tunaninsa ga ciwon mashaya? A Amurka, inda gwajin yake a kowane asibiti, ana samun kimanin yaro 1 cikin 10,000 da wannan ciwo duk shekara. Mu kuwa muna da musabbabai da su ba su da su, ko suke da su kaɗan.

Na farko da ya kamata a riƙa tambaya shi ne buguwa a ciki. Tunda fankiriyas ta jingina da ƙashin baya, matsayinta ɗaya da nama a kan gungumen mahauci: abin da ya daki ciki daga gaba zai matse ta ne a jikin ƙashi, ba ta da wurin kaucewa. Cikin yaro kuma ba shi da kaurin tsoka ko teɓar da za ta tare. Sanannen misali a duniya shi ne kan keke. Yaro yana gudu ya ci tuntuɓe, kan keken ya juya, bakin ƙarfen ya soke shi a tsakanin cibiya da ƙahon zuciya. Zai tashi ya karkaɗe riga, wataƙila har ya ci tuwon dare. Sai can cikin dare ko washegari amai da ciwo su fara. Idan aka ɗaga rigarsa aka duba da kyau, wani lokaci za a ga ɗan zagayayyen tabo ja ko baƙi-baƙi, girman kwabo, daidai inda ƙarfen ya sauka. Haka shurin jaki yake yi, da tunkuyin rago ko sa, da faɗowa daga bishiyar mangwaro kan kututture, da hatsarin babur, da bel ɗin mota idan ya hau kan ciki maimakon ƙugu. Matsalar ita ce yara suna ɓoye irin wannan don tsoron faɗa, musamman idan keken na aro ne ko an hana su hawa. Ya kamata a tambayi yaron a tsanake, ba a gaban wanda yake tsoro ba, kuma a tambayi abokan wasansa. Akwai kuma abin da ba a son faɗa: naushi ko shuri a ciki daga babba. Idan ƙaramin yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ya zo da wannan ciwo, babu magani da yake sha, babu wani bayani da ya dace, wajibi ne likita ya duba duk jikinsa ya nemi wasu tabban.

A sa'o'in farko bayan buguwa gwajin jini yana iya fitowa lafiya lau, don haka gwaji ɗaya bai isa a sallami yaro ba. A maimaita bayan sa'a 6 zuwa 12. Abin da ake tsoro shi ne tsinkewar bututun fankiriyas ɗin. Idan ya tsinke, ruwan narkar da abinci zai riƙa tsiyaya a bayan tumbi, bayan kamar mako 4 ya taru ya zama jaka, a ga cikin yaro ya kumbura daga sama, yana ƙoshi da loma biyu, yana ramewa. Irin wannan kumburin ne wasu ke kai wa wanzami ya yi masa tsaga ko ƙaho. Babu abin da tsaga za ta fitar, ruwan yana can ciki nesa da fata, kuma ƙananan jakunkunan sukan tsotse da kansu, manyan kuma a asibitin koyarwa ake zuƙe su.

Sai toshewar ƙofa, kuma a nan ne sikila ta shigo. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu ita. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara. Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila ba sa wuce kwana 10 zuwa 20 suke fashewa, maimakon kwana 120, kuma launin da ke fita daga cikinsu hanta ce ke zubar da shi cikin madaciya. Idan ya yi yawa sai ya dunƙule ya zama baƙar tsakuwa. Ana samunta tun yaro yana ƙarami, tana ƙara yawa yayin da ya doshi balaga. Manyan tsakuwoyi sukan zauna a madaciya. Ƙananan, masu girman ƙwayar gero ko dawa, su ne masu ɓarna, domin su ke gangarowa su maƙale a ƙofar da bututun biyu suka haɗu. Saboda haka idan mai sikila ya ce ciwon yau ba irin wanda ya saba ba ne, a yarda da shi, don ya fi kowa sanin ciwonsa. Ciwo a saman ciki da ke ratsawa zuwa baya, amai da ya ƙi tsayawa, idanu sun fi kullum rawaya, fitsari ya yi duhu, kashi ya yi fari-fari: wannan yana bukatar sikanin da gwajin jini, ba ƙarin allurar kashe zafi kaɗai ba. Idan aka tabbatar tsakuwa ce, maganinta cire madaciyar, kuma an fi so a yi kafin a sallame shi ko jim kaɗan bayan haka, domin wadda ta gangaro ba ita kaɗai ba ce. Mai sikila ana shirya shi kafin aikin, galibi da ƙarin jini har awonsa ya kai wajen giram 10, don kauce wa ciwon ƙirji bayan tiyata.

Akwai wata allura da ta kamata a ambata a nan, seftirayazon, wadda aka fi sani da Rocephin. Magani ne mai kyau da ya ceci yara da yawa daga sanƙarau da ciwon huhu. Amma wani kasonta ta madaciya yake fita, kuma idan aka ba da mai yawa kwanaki a jere, musamman ga yaron da ba ya ci ba ya sha, takan haɗu da sinadarin kalsiyam ta yi laka a madaciyar. Yawanci lakar tana narkewa bayan an daina allurar. Jefi-jefi kuwa tana toshe ƙofa. Yadda wannan allura ta zama abin da ake yi wa kowane zazzaɓi a kemis ya sa dole a riƙa tambaya ko an yi wa yaro ita a makonnin baya.

Macijin ciki ma yana toshe ƙofar. Doguwar tsutsar nan fara da yara ke kasayarwa tana kai santimita 15 zuwa 35, kuma tana da ɗabi'ar cusa kai cikin duk ramin da ta samu, musamman idan zazzaɓi ya dame ta. A yankin Kashmir na Indiya, wani bincike da aka buga a 1992 ya gano cewa ita ce sanadin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan ciwo da aka kwantar. A sikanin ana ganinta sarai: layi biyu farare a jere cikin bututun, wani lokaci suna motsi. Yawanci idan aka dakatar da abinci na ɗan lokaci, aka ba da ruwa da maganin ciwo, tana komawa hanji da kanta, sannan a ba da maganin tsutsa. In ta ƙi fita sai a zaro ta da na'urar da ake zurawa ta baki. Rigakafin kuwa mai arha ne: albendazol miligiram 400 ga ɗan shekara 2 zuwa sama, miligiram 200 ga ɗan wata 12 zuwa 23, sau ɗaya ko biyu a shekara, tare da wanke hannu da amfani da masai. Iyaye su daina hana yaransu karɓa idan an zo rabawa a makaranta.

Wasu yaran kuma da matsalar aka haife su. Kimanin mutum 5 zuwa 10 cikin 100 bututun fankiriyas ɗinsu bai haɗe ya zama ɗaya ba tun suna ciki, ruwan yana fita ta wata ƙofa mafi ƙanƙanta. Mafi yawansu har su tsufa ba su sani ba, kaɗan ne ke samun ciwo. Wasu bututun madaciyarsu ne ya buɗe ya yi jaka. Irin waɗannan ba a gane su sai da hoto na musamman da ake kira MRCP.

Yanzu ga magunguna, kuma a ganinmu nan ne aka fi yin sakaci, domin tambaya ɗaya ce ke tona shi. Kan gaba shi ne balfurowet, maganin farfaɗiya da ake sayarwa da sunan Epilim da wasu sunaye. Ciwon ya fi zuwa a shekarar farko da fara shan sa, sau da yawa cikin watanni ukun farko, kuma ba ruwansa da yawan abin da ake sha: yaron da ke shan daidai ƙa'ida ma yana iya kamuwa. Ya fi haɗari ga yaran da ke da lalurar ƙwaƙwalwa, waɗanda ba sa iya cewa ga inda ke musu ciwo. Sai dai a ga amai, ƙin abinci, kuka da lanƙwashewa. Duk yaron da ke kan wannan magani ya fara amai da ciwon ciki a kai shi asibiti a ranar. Amma kada uwa ta yanke maganin da kanta ta zauna a gida, domin yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya yana jawo jijjiga mai tsawo da ke iya kisa. Likita ne zai tsayar da shi ya maye gurbinsa da wani a lokaci guda. Wanda kuma ya taɓa samun ciwon ta dalilinsa, shi da balfurowet har abada, don yana dawowa idan aka sake.

Asfarajines, allurar da ake yi wa yara masu kansar jini, ita ma sananniya ce, kuma ciwon yakan bayyana cikin mako biyu bayan allurar. Haka azatiyofirin da makaftofurin, magungunan da ke rage ƙarfin garkuwar jiki. Tsofaffin magungunan ƙanjamau, didanosin da sitabudin, sun yi ƙaurin suna a kan wannan, yana daga cikin dalilan da suka sa aka janye su. 'Yan uwanmu da ke gabashin Sudan, wajen Gadarif, inda cutar kala'azar, mai sa doguwar zazzaɓi da kumburin saifa, ta yi katutu, su san cewa allurar Pentostam da ake yi mata tana taɓa fankiriyas, don haka ciwon ciki lokacin da ake kan allurar ba abin rainawa ba ne. Muna roƙon iyaye su riƙa zuwa asibiti da kwalaye da kwalaben duk abin da yaro ya sha, har da jiƙo da tsimi da garin magani. Cewa "wata ƙwaya fara" ba ta taimakon kowa.

Guba biyu sun shafe mu kai tsaye. Fiya-fiya da danginta na feshin gona suna sa jijiyoyin da ke ba fankiriyas umarni su yi ta aiki ba tsayawa, ruwa ya yi ta zuba alhali ƙofar ta tsuke. Yaron da ya sha, ko aka shafa masa a ka don ƙwarƙwata, idan ya tsallake matakin farko na dalala da ƙanƙancewar ƙwayar ido da wahalar numfashi, a sa ido kan cikinsa. Ajiye wannan ruwa a gorar lemo ganganci ne. Dafin kunama ma haka yake aiki. An fi sanin wannan a tsibirin Tirinidad, amma an gan shi bayan harbin kunamun hamada, irin waɗanda ake fama da su a Agadas da arewacin Cadi da Sudan. Yaron da kunama ta harba ya shiga amai da gumi da ciwon ciki, na asibiti ne, ba na tofi da ɗaure ƙafa kaɗai ba.

Cikin cututtuka masu yaɗuwa, hangum ne a gaba. Kimanin 4 cikin 100 na masu shi yana sauka musu a fankiriyas, yawanci kwanaki kaɗan bayan kumburin kumatu. A Turai da Amurka rigakafi ya kusa kawar da wannan, amma allurar hangum ba ta cikin jerin rigakafin da gwamnatin Najeriya ke yi wa yara kyauta, don haka har yanzu yana zagaya makarantu. Galibi mai sauƙi ne, yana wucewa cikin mako. Ciwon hanta nau'in A da E da ake ɗauka ta gurɓataccen ruwa, da taifot na gaskiya, da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, duk an ga sun jawo shi. Haka duk wata rashin lafiya da ta sa jini ya ragu a kayan ciki: ƙwayoyin cuta a jini, ƙuna mai faɗi, ko gudawar jini da ta taɓa ƙoda.

Maiƙon jini yana da nasa labarin. Idan nau'in da ake kira tiraigilisarayid ya haura miligiram 1,000 a kowace desilita, haɗarin ya fara. A ɗakin gwaji ana gane shi tun kafin a sa a na'ura: jinin da aka ɗiba aka ajiye, maimakon ruwan samansa ya zama garai-garai ruwan ɗorawa, sai ya yi fari ya yi kauri. A yara ƙanana wannan gado ne, irin wanda sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi, shi ya sa ya fi fitowa a gidajen da auren zumunci ya maimaitu. Maganinsa rage mai a abinci ƙwarai da gaske, har da man gyaɗa da manja da man shanu. Yaron da ciwon suga ya kwantar shi ma maiƙonsa yana iya hawa haka. Yawan kalsiyam a jini, ko daga wata ƙaba a wuya ko daga ɗura wa yaro bitamin D ba ƙa'ida, shi ma sanadi ne.

To yaya ciwon yake a ido? Babban yaro zai nuna saman cibiya, ya ce yana ratsawa baya. Ba ya son kwanciya rigingine. Za ka same shi a zaune ya rungume gwiwoyi, ko ya durƙusa ya kifa ciki a kan matashi. Da ya ci abu ciwon ya ƙaru, kuma amai ba ya kawo masa sauƙi. Ƙaramin yaro ba zai faɗi komai ba: kuka, ƙin nono, kumburin ciki, zazzaɓi. Ƙa'idar da likitocin yara suka amince da ita tun 2012 ita ce a samu biyu cikin uku: ciwon ciki irin wannan, ko sinadarin laifes ko amiles (biyu daga cikin sinadaran narkar da abinci da fankiriyas ke yi) a jini ya ninka iyakarsa sau 3, ko hoto ya nuna. In da zaɓi a auna laifes. Yana hawa cikin sa'a 4 zuwa 8, ya daɗe mako ɗaya zuwa biyu, alhali amiles yana sauka cikin kwana 3 zuwa 5, kuma yaranmu ba a cika kawo su ranar farko ba. Amiles yana kuma fitowa daga kumatu, don haka mai hangum nasa yakan hau ko da cikinsa lafiya yake. Jarirai ba su da shi da yawa. Yawan maiƙo kuma yana ɓoye shi. Girman lambar ba ya nuna girman ciwon, kuma ba a jiran ta sauka kafin a ba yaro abinci. Sikanin shi ne hoton farko, ba don ya nuna fankiriyas ba, wadda iskar hanji kan rufe, sai don ya nuna tsakuwa ko laka ko tsutsa. Hoton CT a ajiye shi ga wanda ya bugu ko wanda jikinsa ke ƙara tsanani. Tare da su a auna aikin hanta da suga da kalsiyam da maiƙo. Duk da haka akwai kaso mai yawa, wajen ɗaya cikin huɗu ko biyar, da za a gama bincike ba a ga sanadi ba.

Jinyar kanta ba ta bukatar kayan ƙasar waje. Ruwa ne kan gaba, domin kumburin yana zuƙe ruwa daga jijiyoyi. Ana ba da ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na abin da jiki ke bukata a rana, a kwana ɗaya ko biyun farko. Yaro mai kilo 20 bukatarsa mililita 1,500 ce, ke nan zai samu 2,250 zuwa 3,000, ana lura da fitsarinsa kada ya gaza rabin mililita zuwa 1 a kowane kilo cikin sa'a. Wannan lissafi ba na kowa ba ne: mai tamowa, da mai ƙarancin jini sosai, da mai sikila, zuciyarsu da huhunsu ba sa ɗaukar ruwa da sauri, dole a rage a riƙa sauraron ƙirji. Ciwo a kashe shi da gaske: farasitamol miligiram 15 a kowane kilo duk sa'a 6, in bai isa ba a ba da mofin. Tsohuwar maganar cewa mofin yana tsananta wannan ciwo ba ta tabbata ba, kuma barin yaro yana murƙususu ba jinya ba ce. Dikulofenak da ibufurofen kuwa a yi hattara da su ga yaron da ruwan jikinsa ya ƙare, don ƙodarsa. Daina ba da abinci na mako guda, kamar yadda ake yi a da, an bar shi. Yanzu ana fara ciyarwa cikin kwana 2 zuwa 3, da zarar amai ya lafa, kamar kunu ko fate mara mai, mai shan nono kuma ya ci gaba da nononsa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba a ba da shi sai an ga alamar ƙwayoyin. Mafi yawan yara suna warwarewa cikin mako. Wanda numfashinsa ya yi sauri, ko fitsari ya ɗauke, ko tafin hannu ya yi sanyi, ko ciki ya ci gaba da kumbura, ko ya fara sambatu, a tura shi babban asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba.

Tsakanin 15 zuwa 35 cikin 100 na yaran da suka yi sau ɗaya suna sake yi. Idan ya zo karo na biyu, zance ya koma kan gado da halittar bututu. A 1996 masu bincike a Pittsburgh suka gano cewa sauyi a ƙwayar halittar PRSS1 yana sa sinadarin narkar da nama ya riƙa kwancewa da wuri. Wanda ya gaji wannan daga mahaifi ɗaya kawai yana iya fara ciwo tun wajen shekara 10, kuma in aka bincika za a ji kawu ko gwaggo ko kaka mai "olsar da ta ƙi jin magani". An kuma gano wasu ƙwayoyin halittar masu hannu a ciwon, kamar SPINK1 da CFTR. Tambayar tarihin dangi kyauta ce, ko da gwajin ba ya samuwa kusa.

Akwai kuma nau'in wannan ciwo mai daɗewa da ƙasashe masu zafi suka fi sani, wanda aka fara bayyanawa a Indunisiya a 1959, a Yuganda a 1960, likitocin Ibadan ma suka ba da rahotonsa a shekarun 1960. Yaro ramamme yana fama da ciwon ciki shekara da shekaru, bututun fankiriyas ya cika da tsakuwa fara har ana ganinta a hoton ƙashi na yau da kullum, kafin ya kai shekara 30 ciwon suga ya bayyana. An daɗe ana zargin rogo, amma bincike bai tabbatar ba, tunda ana samun ciwon a wuraren da ba sa cin sa. Yanzu an fi karkata ga haɗuwar gado da rashin abinci mai gina jiki. Alamar da uwa za ta iya gani ita ce kashi mai maiƙo, mai wari fiye da kima, wanda ke tasowa saman ruwa, yaro yana ci amma ba ya ƙiba. Irin wannan yana bukatar ƙwayoyin sinadarin narkar da abinci kamar Creon tare da kowane cin abinci, da bitamin A da D da E da K, da awon suga aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan ya girma a gaya masa ƙarara cewa taba sigari tana hanzarta lalacewar, kuma tana ƙara haɗarin cutar kansa a wannan tsoka.

Kiranmu ga ma'aikatun lafiya na jihohi shi ne a sa gwajin laifes a manyan asibitocin ƙananan hukumomi; na'urar da ke auna aikin hanta da ƙoda ita ce ke yin sa, sinadarin kawai za a saya. Ga abokan aikinmu kuma, yaron da aka sallama a rubuta masa a katinsa sunan ciwon, da abin da ake zaton ya jawo shi, da sunan maganin da aka hana shi in akwai, da ranar da zai dawo a sake sikanin bayan mako 4 zuwa 6, sannan a karanta wa uwar da Hausa kafin ta fita.

Wassalam.

Daga wasu likitocin yara da na tiyata,
Kano.